JIKI MAGAYI: LALACEWAR JIJIYOYIN JI DA ILLARTA GA ƘAFA



Gabatarwa

Hausawa sun ce jiki magayi. Manomin da ya yi sammakon gona a ƙasar Gwaram, idan ya taka ƙaya ko tsidau, ba ya jiran wani ya faɗa masa. Kafin ya ankara ƙafar ta ɗaga kanta, sai ya tsuguna ya cire ƙayar, ya koma bakin aikinsa. Zafin nan da ya ji, ko da yake ba mai maraba da shi, shi ne mai gadin da ya tsare masa ƙafa tun yana yaro. Wannan lacca za ta duba abin da ke aukuwa idan mai gadin ya bar bakin aiki, watau idan jijiyoyin da ke kai labari daga ƙafa zuwa ƙwaƙwalwa suka lalace, har mutum ya taka ƙusa ya wuni da ita bai sani ba.

An zaɓi ƙasar Birnin Kudu da ta Gwaram, a kudancin Jihar Jigawa, domin kafa misalai. Ƙasa ce ta noma da kiwo, mai duwatsu da tsakuwa da fadamu, inda yawancin mutane ke neman abinci a kan ƙafafunsu, wasu da silifa, wasu da takalmin taya, wasu kuwa ba takalmi sam. Haka kuma a Birnin Kudu ne Asibitin Gwamnatin Tarayya yake, inda ake kai marasa lafiyar da ciwonsu ya fi ƙarfin ƙananan asibitocin ƙauyuka. A irin wannan ƙasa, wanda ya rasa ƙafa ya rasa gona, iyalinsa kuma sun rasa mai ciyar da su.

Wace Jijiya Ake Nufi?

Kalmar jijiya a Hausa tana da faɗi. Hanyar da jini ke bi jijiya ce, igiyar da ta ɗaure tsoka da ƙashi ita ma jijiya ce. Wadda ake magana a kanta a nan ta uku ce, watau fararen zaruruwan nan da suka fito daga ƙwaƙwalwa da laka suka bazu ko'ina cikin jiki, suna kai saƙo suna dawowa da shi, kamar wayar tangaraho. Ƙwaƙwalwa da laka su ne cibiya, zaruruwan da suka fita daga cikinsu kuwa su ne jijiyoyin gefe, kuma lalacewarsu ita ce ciwon da wannan lacca ta ƙunsa.

Aikinsu iri uku ne. Wasu suna ɗaukar labarin taɓi, da zafi, da sanyi, da inda gaɓa take, su kai sama. Wasu suna sauko da umarni zuwa ga tsoka domin ta motsa. Wasu kuma suna aiki ba da sanin mutum ba, su ne masu sa fata ta yi gumi, masu buɗe ƙananan hanyoyin jini da rufe su.

Mai yiwuwa a tambaya, don me ƙafa ce ke fara shan wahala? Dalili shi ne nisa. Zaren jijiyar da ya tashi daga ƙasan gadon baya ya kai babban yatsan ƙafa, a jikin baligi, tsawonsa ya kusa mita 1, ba kuwa wanda ya kai shi tsawo cikin jijiyoyin gefe. Abincin da ke raya zaren daga tushensa ake aika shi. Idan rijiya ta ja baya, fangalin da ke ƙarshen lambu shi ke fara bushewa. Saboda haka ciwon yakan fara daga kan yatsu, ya hau tafin ƙafa, ya kai idon sawu, ƙafa biyu a tare, kamar mai jan safa. Sa'ad da ya kusa gwiwa, sai a fara jin sa a kan yatsun hannu.

Alamomin Farko

Mai ciwon yakan fara da kukan cewa ƙafarsa tana yin minjirya ba tare da ya zauna a kanta ba. Wani ya ce tafin ƙafarsa na raɗaɗi kamar an zuba barkono, musamman da dare, har ya kasa jure taɓin mayafi. Wani ya ce kamar kiyashi ke yawo a ciki, wani kuwa ya ce yana ji kamar a kan auduga yake tafiya. Akwai wanda silifa ke suɓuce masa a hanya sai an nuna masa. Akwai mai tangaɗi cikin duhu, ko lokacin da ya rufe ido yana wanke fuska, domin ƙafar ta daina gaya wa ƙwaƙwalwa inda take.

Idan jijiyoyin gumi suka taɓu, fata takan bushe, kaushi ya yi yawa, faso ya tsaga dunduniya. Idan na motsi suka taɓu, ƙananan tsokokin ƙafa sukan motse, yatsu su lanƙwashe kamar faratan shaho, nauyin jiki ya taru a kan ƙasusuwan da ke gindin yatsu.

Amma abin da ya fi dukan waɗannan haɗari shi ne shiru. Da yawa cikin masu wannan ciwo ba su taɓa jin raɗaɗi ko minjirya ba. Ji yakan janye a hankali har ya ƙare ba su lura ba. Wani kuma bayan shekaru yana fama da raɗaɗi sai ya ji ya lafa, ya yi murna ya warke, alhali kuwa jijiyar ce ta ƙarasa mutuwa.

Kuturta, Tsohon Musabbabi

A ƙasar Hausa tsohon sanadin mutuwar ji shi ne kuturta. A 1873 wani likita mai suna Armauer Hansen, a birnin Bergen na ƙasar Norwe, ya ga ƙwayar cutar da madubin likita. Wannan ƙwaya tana son wurare masu sanyi a jiki, don haka takan zauna a fata da kuma jijiyoyin da ke kusa da fata. A ƙafa akwai biyu da ta fi kamawa: wadda ta bi ta bayan idon sawu na ciki, mai kula da jin tafin ƙafa, da wadda ta zagaya gefen gwiwa ta waje, mai ɗaga ƙafa. Idan ta biyun ta lalace, sai a ga mutum yana jan yatsu a ƙasa, yana ɗaga gwiwa sama kafin ya taka.

A shekarun 1930 ne aka danƙa wa mishan ɗin Sudan Interior Mission kula da asibitocin kutare na Yadakunya a Lardin Kano, da Babbar Ruga a Katsina, da Amanawa a Sakkwato. A wancan zamani Birnin Kudu da Gwaram suna cikin Lardin Kano, domin sai a 1991 aka yanki Jihar Jigawa daga Jihar Kano. Daga ƙarshen shekarun 1940 aka soma ba da ƙwayar dafson, wadda akan sha shekara da shekaru. A 1981 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar haɗa magunguna, watau rifamfisin da dafson da kilofazimin, kuma tun 1995 ake ba da su kyauta. Yanzu wata 6 ko wata 12 ake sha, gwargwadon irin ciwon, mutum ya rabu da ƙwayar cutar.

A 1998 Nijeriya ta cim ma mizanin da Hukumar ta ajiye, watau ƙasa da mai ciwo 1 cikin kowane mutum 10,000. Wannan bai nuna cutar ta ƙare ba, gama a 2023 an sami sababbin masu ita fiye da 2,000 a ƙasar. Kuturta ba gado ba ce, kuma galibin mutane jikinsu yakan kashe ƙwayar da kansa ko sun shaƙe ta. Alamarta ta farko tabo ne a fata, wanda ya fi sauran jiki haske, ba ya ƙaiƙayi, in an taɓa shi da auduga ba a ji. Wanda ya je asibiti a wannan mataki yakan warke ba tare da nakasa ba. Ko jijiya ta fara rauni, in ba a wuce wata 6 ba, sau da yawa maganin firednisolon yakan ceto ta. Kunya da ɓoyo su ke cinye waɗannan watanni.

Ciwon Sukari, Sabon Musabbabi

A yau ciwon sukari shi ne kan gaba wajen kashe jijiyoyin ƙafa a duniya. Sukarin da ya yi yawa cikin jini shekara da shekaru yana ɓata zaren jijiya daga ciki, yana kuma toshe ƙananan hanyoyin jinin da ke ciyar da shi. Wani likita ɗan ƙasar Beljiyam, Jean Pirart, ya bi marasa lafiya 4,400 daga 1947 zuwa 1973. Ya tarar kimanin kashi 8 cikin 100 suna da lalacewar jijiya tun ranar da aka gano ciwonsu, bayan shekara 25 kuwa adadin ya kai rabi.

Akwai darasi cikin kashi 8 ɗin nan. Ciwon sukari na manya yakan daɗe a jiki kafin a san da shi. A ƙauyen da ba a saba awon jini ba, mutum yakan yi ta yawan fitsari da ƙishirwa da rama, a ce zafin bazara ne ko shawara, sai ran da gyambo ya ƙi warkewa sa'an nan a auna a ga sukari. Bugu da ƙari, ciwon sukari yakan ƙuntata manyan hanyoyin jini na ƙafa, ya kuma raunana garkuwar jiki. Ke nan ƙafar mai sukari tana iya haɗa masifa uku: ba ji, ba isasshen jini, ba ƙarfin yaƙi da ƙwayoyin cuta.

Sauran Musabbabai

Wasu magunguna masu amfani suna taɓa jijiya. Isoniyazid, ɗaya daga cikin magungunan tarin fuka, yana rage bitamin B6, shi ya sa akan haɗa wa masu rauni bitamin ɗin. Metfomin, wanda shi ne maganin sukari da aka fi sha, in an daɗe a kansa yana iya rage bitamin B12, rashinsa kuwa yana lalata jijiya da laka. Maganin wannan shi ne a auna a cike giɓin. Barin shan magani bisa ra'ayin kai ya fi haɗari. Ƙwayar cutar ƙanjamau, da ciwon ƙoda mai tsanani, da yawan shan giya, da wasu magungunan ƙwari da ake fesawa a gona ba kariya, duk suna cikin jerin.

Nijeriya ta ba da gudummawa ga wannan ilmi. A shekarun 1960 Farfesa Benjamin Oluwakayode Osuntokun na Jami'ar Ibadan ya yi nazarin wani ciwo da ya yawaita a yankin Epe da Ijebu, mai kawo mutuwar ji a ƙafa da tangaɗi da raunin gani da na kunne. Ya danganta shi da dogaro ga rogon da ba a jiƙa shi sosai ba, mai sauran guba a ciki, tare da ƙarancin abinci mai gina jiki. Ko da yake tuwon dawa da gero ne abincin Birnin Kudu da Gwaram, garin rogo ya shiga kasuwanninsu, sanin wannan kuwa ba zai zama asara ba.

Daga Mutuwar Ji Zuwa Gyambo

An daɗe ana zaton kuturta ce da kanta ke cin nama har yatsu su gutsure. Wani likitan fiɗa ɗan Ingila, Paul Brand, wanda ya fara aiki a Vellore ta ƙasar Indiya a 1946, shi ya nuna ba haka abin yake ba. Ya bi marasa lafiyarsa yana duba hannuwansu da ƙafafunsu kullum, sai ya ga kusan kowane miki yana da sanadi daga waje: ƙuna, ko yanka, ko takalmi mai matsi, har da ɓeraye masu gwaguyar yatsu da dare mai su yana barci. Da ya koma Carville ta Amurka a tsakiyar shekarun 1960, ya nuna cewa hanyar da ƙafar mai kuturta ke lalacewa ita ce ta mai sukari.

Hanyoyin rauni uku ne. Na farko, abu mai tsini: ƙaya, ƙusa, tushiyar kara bayan girbi, kwalba a bola. Na biyu, ƙuna. Da hunturu dattijo yakan miƙa ƙafa kusa da kaskon wuta yana jin ɗumi, barci ya ɗauke shi. Da bazara kuwa rairayi da dutse da daɓen siminti na tsakar rana sun isa su tayar da bororo. Salansar babur ma ta ƙone ƙafafu masu yawa. Na uku, wanda ya fi yawa kuma ya fi ɓoyuwa, shi ne taku. Mai lafiya in ya yi doguwar tafiya, wurin da ya gaji a tafin ƙafarsa yakan yi masa tsami, sai ya sauya taku ko ya zauna ya huta. Wanda ba ya ji yakan ci gaba da dukan wuri ɗaya sau dubbai. Sai kanta ta fito, ta yi tauri kamar tsakuwa, ta riƙa murƙushe naman da ke ƙarƙashinta, jini ya kwanta, ranar nan ta fashe a ga rami.

A ɗauki misalin wani magidanci mai sukari da ya taka ƙaya ranar kasuwa. Bai ji ba, sai bayan kwana uku matarsa ta ga jini a tabarma. Tun da ba ya ciwo, sai aka ce ƙaramin abu ne, aka barbaɗa gari aka ɗaure da tsumma, ya koma gona. Bayan mako biyu ƙafa ta kumbura, wani ya ce sammu ya taka, aka kira wanzami ya yi sakiya. Sai da wari ya tashi, zazzaɓi ya kwantar da shi, sa'an nan aka nemi mota zuwa Birnin Kudu, a lokacin kuwa ruɓa ta kai ƙashi. Babu wanda ya yi nufin cutar da shi cikin mutanen nan. Dukansu sun auna girman ciwon da zafinsa ne, zafin kuwa babu shi.

Alƙaluma sun tabbatar da nauyin al'amarin. Kusan kashi 85 cikin 100 na yanke ƙafar da ake yi wa masu sukari gyambo ne ke gabatarsa. Wani bincike da aka yi a manyan asibitoci 6 na Nijeriya daga 2016 zuwa 2017 ya bi mutum 336 da aka kwantar saboda gyambon sukari: kimanin kashi 35 cikin 100 an yanke musu wani sashe na ƙafa, ɗaya cikin biyar kuma ya rasu.

Akwai wata illa da ya kamata ma'aikatan lafiya su riƙe. Wani lokaci ƙafar da ba ta ji takan kumbura ta yi ɗumi ba tare da miki ba, domin ƙasusuwan ciki sun fara karyewa mai ita yana ta takawa. Likitan Faransa Jean-Martin Charcot ne ya bayyana irin wannan rushewar gaɓa a 1868, ana kuma kiranta da sunansa. In ba a ɗaure ƙafar da filasta an hana ta ɗaukar nauyi ba, tsakiyarta takan rufta har abada.

Yadda Ake Ganowa

Gano wannan ciwo ba ya bukatar babbar na'ura. A asibiti akan yi amfani da wani siririn zaren roba wanda yakan lanƙwashe idan nauyin da aka danna ya kai giram 10. Akan dangwala shi a wurare dabam-dabam na tafin ƙafa, mara lafiya ya rufe ido ya faɗi inda ya ji. Wanda bai ji ba, ƙafarsa ba ta da mai gadi. Akan kuma taɓa bugun jini a bayan ƙafa da gefen idon sawu.

Inda babu zaren, yatsa ya isa. A 2011 likitocin garin Ipswich na Ingila suka wallafa wata hanya mai sauƙi. Mara lafiya ya kwanta ya rufe ido, mai dubawa ya ɗora kan yatsansa a hankali, daƙiƙa 1 zuwa 2, a kan babban yatsa, da na tsakiya, da ƙaramin yatsa na kowace ƙafa, ba dannawa ba sosawa. Idan cikin wurare 6 bai ji 2 ko fiye ba, ji ya ragu. Ɗalibin sakandare zai iya yi wa kakansa wannan awo a zaure. Kowane mai sukari ya cancanci a duba masa ƙafa aƙalla sau ɗaya a shekara, hanya mafi sauƙi ta tunatar da ma'aikaci kuwa ita ce mutum ya tuɓe takalmansa tun kafin a tambaye shi.

Magani da Tsaro

Jijiyar da ta daɗe da mutuwa ba kasafai take farfaɗowa ba, amma ana iya tsayar da ɓarnar. Wani babban bincike da aka kammala a Amurka da Kanada a 1993, a kan mutum 1,441 masu ciwon sukari irin na yara da matasa, ya nuna cewa tsare sukari sosai ya rage aukuwar lalacewar jijiya da kimanin kashi 60 cikin 100. Ga manya, tsare sukari yana tafiya tare da kula da hawan jini da barin taba. Raɗaɗin dare yana da magunguna na musamman, irin su amitiriftilin da firegabalin, waɗanda likita ne ke rubuta su ya kuma daidaita yawansu. Ƙwayoyin ciwon jiki da ake saye a bakin kasuwa ba su cika yin aiki a kan wannan raɗaɗi ba, wasunsu suna lahanta ƙoda, tiramol kuwa yana jawo kamu.

Sauran aikin a gida yake, kuma ƙa'idarsa guda ce: abin da zafi ya daina yi, ido da hannu su ɗauka. A nan mutanen Birnin Kudu da Gwaram suna da wata dama, domin mai alwala yana kai hannu ga ƙafarsa sau da yawa a yini. Abin da ake bukata shi ne ya haɗa wanki da dubawa: tafin ƙafa, dunduniya, tsakanin yatsu. Wanda idonsa ya yi rauni, ko ba ya iya sunkuyawa, ya sa madubi ko ya sa ɗansa ya duba masa. Bayan wanki a tsane tsakanin yatsu, a shafa man kaɗanya ko basilin a tafin ƙafa da dunduniya, ban da tsakanin yatsun. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, faso kuwa tsagar bango ce.

Ruwan ɗumi a gwada shi da gwiwar hannu kafin a sa ƙafa. Kada a kusanci kasko da ƙafa. Mai jin sanyi ya sa safa. Kada a taka ƙasa ba takalmi, ko a tsakar gida, ko a harabar masallaci da rana. Takalmin da ya dace shi ne mai faɗin baki, mai taushin ciki, mai ƙarfin ƙasa yadda ƙaya ba za ta huda ba, wanda ba a haɗa shi da ƙusa ba. A zazzage shi a sa hannu a ciki kafin a saka, sabo kuma a fara sa shi na ɗan lokaci ana dubawa. Farce a yanke shi a miƙe, kanta kuwa a bar wa ma'aikacin lafiya. Reza da almakashin mai yawon yankan farce ba na irin wannan ƙafa ba ne.

Idan miki ya fito, komai ƙanƙantarsa, a wanke da ruwa mai tsabta, a rufe da ƙyalle mai tsabta, a daina takawa, a kai shi asibiti cikin kwana ɗaya. Gyambon tafin ƙafa ba ya warkewa ana tafiya a kansa, ko da wane irin magani aka sa. Kumburi, ko wari, ko baƙin yatsa, ko zazzaɓi, alamu ne na tafiya babban asibiti a ranar.

Kammalawa

Wannan lacca ta nuna cewa kuturta da ciwon sukari, ko da yake asalinsu ya bambanta, ƙofa ɗaya suke bi su kai ga ƙafa, kuma tsakanin mutuwar ji da yanke ƙafa akwai matakai masu yawa waɗanda kowannensu ana iya tare shi. Akwai aiki a kan hukuma, na samar da abin awon sukari da zaren awon ji a ƙananan asibitocin Gwaram da Birnin Kudu. Akwai aiki a kan dukawa da masu ɗinkin takalma, waɗanda in an koya musu za su iya yin takalmin da ya dace da kuɗi kaɗan. Akwai aiki a kan limamai da masu unguwanni da wanzamai, domin su ake fara kai wa kuka, kalmarsu kuwa tana iya rage makonnin da ake ɓatawa a gida. Ɗaliban da ke zauren nan, kowannensu yana da dattijo a gida mai sukari ko mai kukan minjirya. Idan aka tafi hutu, ya roƙe shi ya miƙe ƙafa a tabarma ya rufe ido, a taɓa yatsun nan shida.

Allah ya ba marasa lafiya sauƙi, ya tsare masu lafiya.